Baƙin Man Motar Malam

Shekarar da ɓarin jikin maigidana ya shanye ina da hamsin da ɗaya, kuma ban taɓa ɗaga murfin gaban mota da hannuna ba. Shi malamin gona ne, ni kuma ina koyarwa a wata firamare nan cikin Funtuwa. Motar fara ce, tsohuwa, da ƙarfen ɗaura kaya a samanta. A hannun wani dillalin hatsi ya saye ta, tun a lokacin ma ta sha jiki. Da ita yake zagaya ƙauyukan Danja da Bakori, ya dawo da yamma tayoyinta duk jar laka. Abin da na sani game da ita bai wuce in shiga in zauna ba.

Ana cikin karyar masara ciwon ya same shi. Ya dawo da la'asar, ya ajiye motar a ƙarƙashin rumfar kwano, ya tsuguna zai yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa. Sati uku muka yi a asibiti. Muka dawo gida hannunsa na dama da ƙafarsa ba sa motsi, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito, wani lokacin ma ba ta fitowa. 'Ya'yanmu mata biyu suna ɗakunan mazajensu, ɗaya a Zariya ɗaya a Kaduna, namijin kuma yana aiki can Kudu. Sun zo, sun yi kuka, sun yi abin da za su iya, sun koma. Saura ni da shi.

Rayuwata ta koma iri ɗaya kullum. In tashi da asuba in ɗora ruwa, in wanke shi, in canja shimfiɗa, in ba shi koko da cokali, in ba shi magani. In roƙi matar maƙwabcinmu ta riƙa leƙa shi, in tafi makaranta. In dawo da azahar in tarar da wanki yana jirana. Bayana ya fara ciwo a wata na biyu, kuma har yau bai daina ba.

Motar kuwa tana nan inda ya ajiye ta. Sau ɗaya a wata ƙanensa, wanda ke da shagon taki da maganin feshi a Malumfashi, yake zuwa ya kai mu asibiti a yi wa Malam gashi. Tafiyar ba ta kai ta minti goma ba. Maƙwabcinmu ya ce mini in riƙa tayar da ita kowace safiya don kada batir ya mutu, ya nuna mini yadda ake murɗa makulli. Haka na riƙa yi: in tayar, in bar ta tana gunji kafin in gama ɗaura ɗankwali, in kashe. Duk sanda na tayar, sai in ji Malam daga ɗaki yana wani sauti, in na leƙa ta taga in ga yana ɗaga hannun hagu yana kifa tafinsa. Na ɗauka so yake a juya masa kwanciya. Sai in shiga in gyara masa matashi, in wuce.

Shekara ɗaya da rabi muna haka. Ban taɓa tunanin baƙin mai ba. A ganina, motar da ba ta zuwa ko'ina me zai cinye mata mai?

Ranar wata Talata, ranar gashi, ƙanen nasa ya zo ya tayar da ita, sai muka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wata jar fitila kuma ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Ya kashe da sauri, ya buɗe gaba, ya zaro dogon ƙarfen da ake gwada mai da shi. Abin da ya biyo ƙarfen ya yi kauri ya yi duhu. Ya buɗe murfin da ake zuba mai, cikinsa ya yi fari-fari kamar kindirmo.

"Yaya," ya ce, "yaushe rabon da a yi wa motar nan juye?"

"Juyen me?"

Ya dube ni, ya dafe ƙugu. Sannan ya shiga ɗaki, ni ina binsa, ya tsaya a kan yayansa.

"Wallahi gara a sayar da ita kowa ya huta. Mota a ajiye lalacewa take yi. Ga Keke nan ko'ina, sau ɗaya ne fa a wata."

Malam ya kai wa tiren da ke gefensa duka da hannun hagu, kofi ya faɗi ya tarwatse. "A'a!" ya ce. Wannan kalmar tana cikin 'yan kaɗan da ke fita masa sarai.

A raina ina tare da ƙanen. Ina da abin da ya ishe ni ba sai an ƙara mini da ƙarfe ba. Ranar a Keke muka je. Sai da mutum uku suka kama Malam kafin ya shiga, ƙafar da ta shanye tana reto a waje, ni ina riƙe da ita. A bakin kasuwa wasu manoma da suka san shi suka tsaya suna kallo, suna jinjina kai. Ya sunkuyar da kansa, bai ɗago ba har muka je muka dawo. Da daddare bai ci tuwo ba. Daga ranar na bar maganar sayarwa ko a cikin zuciyata.

Washegari na zauna a bakin gadonsa na ce, "Malam, wane mai kake zuba mata? Faɗa mini in sayo."

Ya buɗe baki. "Ash... ham... ham..."

"Me?"

"Ham..."

Na kawo biro da takarda na sa masa a hannun hagu. Ya yi ta ja, abin ya fito kamar tafiyar kiyashi. Na juya takardar sama, na juya ta ƙasa, ban gane komai ba. Ya saki biron, ya rufe ido, ya juya fuska bango. Mutumin da yake tsayawa gaban manoma ɗari yana bayani har su yi tafi. Na ɗauke takardar na fita tsakar gida, na daɗe a tsaye kafin in tuna abin da ya fito da ni.

Na kira ƙanensa a waya. Ya ce, "Ki dai sayi mai tsada, Yaya, mai tsada ba ya ƙarya." Na nemi izini a makaranta na tafi layin masu kayan mota. Shagon farko da na shiga, mai shi bai tambaye ni komai ba. Ya sauko da wani galan mai sheƙi, ya ce shi ne na zamani, shi manyan mutane ke zubawa, ruwa-ruwa ne yana ratsa ko'ina a inji. Ya miƙo filta daga wani kwali a ƙasa ya ce duk ɗaya ne. Na biya, na ɗauko wani bakanike da ke zaune a ƙofar shagon, ya zo gida ya juye tsohon man ya zuba sabon.

Kwana biyar na ga baƙin tabo a ƙarƙashin motar. Kwana goma tabon ya kai faifai. In na tayar da ita sai ta yi ta wannan ƙarar tsakuwa na ɗan lokaci kafin ta lafa, salansa kuma yana fitar da hayaƙi shuɗi. Na koma wurin bakaniken, ya ce, "Hajiya, inji ya gaji, sai dai a sauke shi." Maƙwabcinmu ya ce kada in yarda, akwai wani mai kauri kamar zuma da ake ƙarawa, shi kenan. Mijin 'yata ya bugo daga Kaduna ya ce a duba littafin motar, littafin da ban taɓa gani ba. Direban da ke kawo wa makarantarmu alli ya ce man gwangwani na bakin titi ma ya isa, duk daga rijiya ɗaya ake haƙo su. Kowa na tambaya yana da tabbaci, kuma babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Na kai matsayin da in na ga motar da safe sai in ji kamar wani majinyaci na biyu aka kwantar mini a gida.

Wata malama da muke koyarwa tare, Kirista ce, ta ga ina gyangyaɗi a ofis lokacin tara. Da na ba ta labari ta ce, "Je ki wurin wata 'yar cocinmu, shagonta na can ƙarshen layin, kusa da masu faci. Ba ta da daɗin baki, amma ba za ta cuce ki ba."

Matar 'yar ƙabilar Ibo ce, za mu yi sa'a da ita, gajera mai tabarau rataye a wuya. A Funtuwa aka haife ta, shagon na mahaifinta ne ta gada. Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina. Na ce mata baƙin mai nake so mai kyau.

"Na wace mota, Malama? Shekararta nawa? Ina take zuwa?"

Na ce ban san shekarunta ba, ta dai girmi autata. Na kwatanta mata: fara, da ƙarfen kaya a sama, ƙofar baya ta hagu ta ɗan lotsa.

Ta sa tabarau ta dube ni. "Ba ta malamin gona ba ce? Wani dogo, mai yawan tambaya?"

"Maigidana ne."

"Ikon Allah. Shi ya sa na daina ganinsa. Ina ce canjin wurin aiki aka yi masa."

Na gaya mata abin da ya faru. Ba ta yi dogon jaje ba. Ta janyo benci da ƙafa ta ce, "Zauna tukuna." Ta buɗe wata 'yar kula ta miƙo mini ruwa mai sanyi. Na zauna na sha. Na manta rabon da wani ya ce in zauna.

Ta shiga ciki ta fito da galan marar wani ado ta dire a gabana. Ta ɗora yatsa a kan lambobin da ke jikinsa. "Wannan yake saye, shekara da shekaru. Ashirin da hamsin. Ki riƙe lambar ko kin manta sunan."

Ashirin da hamsin. Abin da yake ta ƙoƙarin faɗa mini kenan.

"Wancan da aka sayar miki ba jabu ba ne," ta ce, "mai kyau ne, amma na sababbin motoci ne da komai nasu ke a matse. Injin mijinki ya tsufa, ƙarafunansa sun saki, robobinsa sun bushe. Kin zuba masa mai ruwa-ruwa, dole ya bi ta kowace kafa ya fita, wanda bai fita ba ya ƙone. Ga zafin garin nan. Tsoho sai mai kauri."

Sannan ta ɗauko filta biyu, launinsu ɗaya, ta ɗora mini ɗaya a kowane hannu. Ɗayar ta fi nauyi sosai.

"Leƙa cikin mai nauyin. Kin ga wata roba a bayan ramukan nan? Ita ke hana mai tsiyayewa ya koma ƙasa in mota ta kwana. Marar nauyin babu, ko akwai ta banza ce. Motar da ke fita kullum za ta iya lallaɓawa da ita. Taku da ke kwana talatin a tsaye, duk tayarwa a bushe inji ke fara juyawa. Ƙarar da kike ji kenan."

Ta nuna mini yadda zan duba hatimin murfin galan, ta ce in na ga alamar an taɓa buɗe shi in ajiye, ko a shagonta ne. Ta ce kada in kuskura in sayi na awo da ake ɗurawa a gora. Ta haɗa mini da 'yar filtar fetur, don man da ya daɗe a tanki yana tara datti, ta ce a duba ta iska ma. Na tambaye ta sai motar ta yi tafiya nawa za a sake juye.

"Ke ba tafiya za ki duba ba, wata za ki duba. Mai yana lalacewa a zaune. Sau biyu a shekara: kafin ruwa ya sauka, da bayan an gama girbi. Ko ba ta je ko'ina ba." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma wa ya ce ki riƙa tayar da ita kowace safiya?"

"Maƙwabcinmu. Saboda batir."

"Wannan tayarwar ce ta haɗa miki kindirmon. Inji bai yi zafi ba kin kashe, raɓa ta taru a ciki ta gauraya da mai. Gara ki bar ta kwance da wannan. Abin da take so shi ne a hau titi da ita ta yi zafi sosai, ko sau ɗaya ne a sati, kamar nan da Bakori a dawo."

"To wa zai tuƙa? Ƙanensa yana Malumfashi."

"Ke mana."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ta turo mini wani dattijon bakanike wanda shi ne ke taɓa motar tun da can. Ranar Asabar ya zo. Na roƙi maƙwabcinmu muka fito da Malam muka zaunar da shi a kujera a bakin rumfa. Dattijon ya durƙusa ya gaishe shi, ya riƙe hannunsa ya daɗe, sannan ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar. Da ya buɗe gidan filtar iska sai ga sheƙar ɓera, da tsummoki da ƙwayoyin masara cike da tafi biyu. Ya ɗago ya nuna wa Malam, Malam ya yi wani sauti da na daɗe ban ji ba, kusan dariya. Da aka fasa galan, ya miƙa hannun hagu. Dattijon ya gane, ya ɗiga masa man a yatsu. Ya murza shi a hankali, ya kai kusa da hanci, ya gyaɗa kai. Sannan ya dube ni ya ɗaga hannun ya kifa tafinsa, kamar mai juye galan. Shekara ɗaya da rabi yana yi mini wannan alamar ta taga ina gyara masa matashi.

"Na gane, Malam," na ce. "Ka yi haƙuri."

Ƙarar ta tafi. Yoyon bai tsaya duka ba, ya dai koma ɗigo ɗaya biyu, na shimfiɗa kwali a ƙasa. Dattijon ya ce in ana lallaɓa injin zai kai mu wani lokaci, amma kada in sa rai da yawa.

Maganar tuƙi kuwa sai da na yi wata guda ina juya ta. Da na gaya wa ƙanen Malam ya ce, "Yaya, da girmanki?" Na ce masa to ya riƙa zuwa duk sati. Daga ƙarshe ya yarda zai koya mini. Lokacin hutun makaranta ya riƙa zuwa ran Lahadi, muna zagaya filin ƙwallon makarantarmu. Ba shi da haƙurin koyarwa. In na saki kuloci da ƙarfi motar ta yi tsalle ta mutu, sai ya daka mini tsawa, can ya tuna da wa yake magana ya ce, "Yi haƙuri, Yaya, sake." Gwiwata ta hagu ta kumbura. Na taɓa gogar turken raga har fenti ya kankare. Amma na koya, na kuma je aka ba ni lasisi.

Tun daga nan Asabar ta zama ta mota. Da, ita ce kaɗai safiyar da nake ɗan komawa in kwanta bayan na gama da Malam. Yanzu sai in wanke shi, in sa masa riga da hula, in zaro ƙarfen gwaji in duba mai, in duba ruwa a lagireto, in kira maƙwabci mu ɗaga shi mu sa a gaba. Mu hau titin Bakori a hankali. Manyan motocin masara suna danna mini oda, 'yan acaɓa suna gilmawa ta hagu da dama, ni ina ƙanƙame da sitiyari har yatsuna su sage. Shi kuwa yana kallon gonaki ta taga. Ba zan ce ina jin daɗin tafiyar ba. Akwai Asabar ɗin da nake tashi in ji da ma batir ɗin ya mutu. Sau biyu a shekara kuma in je ƙarshen layin nan, in juya galan in duba hatimi, in auna filta a hannu, matar tana kallona ta saman tabarau tana tambayar jikin Malam.

Wata Asabar a tsakiyar daminar bara, ruwa ya tare mu a hanyar dawowa. Abin share gilashi ɗaya ne ke aiki, shi ma da kyar. Na yi ta leƙe ta ɗan wurin da yake sharewa har muka shigo gari, ruwa ya cika kwatoci yana bin titi. Da na shigar da motar rumfa na kashe ta, sai na kasa buɗe ƙofa. Na kifa goshina a kan sitiyari. Ruwa yana dukan kwano, ba na jin komai sai shi.

Can na ji hannunsa na hagu a kan kafaɗata.

"Kin..." ya ce. Ya tsaya, ya haɗiye yawu, ya sake. "Kin... gaji."

"Na gaji, Malam."

"San... nu."

Muka zauna a haka. Ba yadda za a fito da shi cikin wannan ruwa, maƙwabcin ma ba zai jiyo kirana ba. Zafin injin yana tasowa ta ƙarƙashin ƙafafuna, na miƙe gwiwar da ke ciwo, na jingina da kujera. Ashe barci ya ɗauke ni. Da na farka ruwa ya tsagaita, ana kiran azahar, shi kuma yana zaune yadda na bar shi, bai motsa ba don kada ya tashe ni. Na gyara ɗankwalina, na fita na ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa, muka kama shi muka shigar ɗaki. Sannan na je na ɗora tukunya.